Ƙauyen da Na Ƙona a Haidarabad

A cikin jirgin ƙasan da ya ɗauke ni daga Mumbai zuwa Haidarabad na fara gane cewa na yi nisa da gida. Ina zaune bakin taga, gonaki suna ta wucewa. Dawa ce irin tamu, da auduga, da fararen shanu masu tozo kamar na Fulanin da ke sauka bayan ƙauyenmu da kaka. Sai in ji kamar in na ƙara leƙawa kaɗan zan hango rumfunan kasuwar Sabuwa. Can sai wata mata ta gifta da jan lulluɓi da tulun ƙarfe a ka, ko wani ɗakin bauta mai fenti kala-kala ya ɓullo daga cikin itatuwa, sai in dawo hayyacina in tuna inda nake.

Sunana Sagir. A wani ɗan ƙauye da ke gefen Damari aka haife ni. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, Inna da yayana Lawal su suka riƙe ni har na gama karatun injiniyan inji. Na buɗe rumfa a Faskari ina gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa na masu noman rani daga Mairuwa. Akwai rufin asiri a aikin, amma raina yana wajen ƙarin karatu. A intanet na haɗu da wani mutum mai suna Kumar, wanda ya ce zai samo mani gurbi a wata babbar makarantar injiniyoyi a Indiya. Ya turo hotuna: dogayen gine-gine, ciyawa kore shar, ɗakin gwaji cike da injuna masu ƙyalli. Yaya Lawal ya kalli hotunan, washegari ya kai shanun nomansa kasuwa.

Kumar da kansa ya tarbe ni a tasha, har da rataya mani sarƙar furanni a wuya. Ya saka ni a keke mai ƙafa uku muka yi ta kutsawa cikin lunguna, har muka tsaya gaban wani shagon taya. Makarantar tana sama. Ɗakuna ne 'yan ƙanana da kujerun roba da fanka mai ƙara. A jikin bango ga hoton nan da ya turo mani, an saka shi cikin gilashi.

Na ce, "Ina wannan ginin yake?"

Ya ce, "Ana ginawa, ɗan'uwana. Ka huta tukuna."

Na zauna a kujerar roba da furanni a wuyana, ina jin ƙamshinsu haɗe da warin taya. Ban yi faɗa ba. Bayan 'yan kwanaki wayar Kumar ta daina shiga, ɗakin kwanan da ya ce an tanadar mani kuma ashe na wani ne da ya yi tafiya, ya dawo ya tarar da ni.

Neman ɗakin haya shi ya koya mani yadda fuskata take a idon mutanen garin. A waya sai a ce akwai ɗaki, in na iso a buɗe ƙofa a gan ni sai a ce yanzun nan aka kama. Wata tsohuwa ba ta ma yi magana ba, ta dai mayar da ƙofar a hankali kamar mai gudun kada ta tashi jariri. A cikin mota kujerar da ke kusa da ni takan zauna babu kowa ko da mutane na tsaye. Abincinsu yaji ne tun daga safe, cikina ya ƙi karɓa, na rame har wandona yana zamewa. Idan Inna ta kira sai in gyara murya.

"Kana cin abinci kau?"

"Ina ci, Inna."

"Mi suke ci can?"

"Shinkafa."

"Kullum?"

"Kullum."

Sai ta ce Allah Sarki, kamar na gaya mata ina asibiti.

Wata rana bayan sallar la'asar a wani masallaci na tsohon gari, kowa ya watse na ci gaba da zama, don ba ni da inda zan je. Jakata tana gefena. Tantabaru suna sauka a tsakar masallacin suna tashi. Wani dattijo mai jan gemu na lalle ya zo ya tsaya a kaina, ya yi magana da harshen Urdu, ban gane ba. Na amsa da Turanci, shi ma bai gane sosai ba. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce, "Musafir?" Wannan na gane, matafiyi ke nan, don mun ji ta a makarantar allo. Na ɗaga kai. Ya sunkuya ya ɗauki jakar ya yi gaba, ni kuma na bi shi.

Sunansa Yusuf, ni kuma Baba Yusufu nake ce mashi, ya kuwa ji daɗin sunan. Ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman gidansa inda suke shanya tufafi. Matarsa ta lura ba na iya cin yaji, sai ta riƙa ɗebar mani nawa kafin ta zuba barkono, ta haɗa da kindirmo. Hirarmu da shi ta 'yan kalmomi ce da muka tarar muna da su tare: duniya, niyya, haƙƙi, sabulu, kabari. Duk wadda muka gano sai ya yi dariya ya buga cinyarsa. Ta hannun wasu ɗalibai 'yan Afirka da na haɗu da su a masallacin Juma'a na samu aka mayar da takarduna wata ƙaramar kwaleji ta gaskiya. Ba ta da ciyawa, amma tana da malamai da injuna.

Sana'ar Baba Yusufu shayi ce. Yana da rumfa a wani makeken fili da ke bayan gari inda ake shirya finafinai. Ranar da ba ni da darasi nakan bi shi in taya shi ɗaukar tukwane. Ranar farko da na shiga wurin na ɗauka zazzaɓi ne ya kama ni. Ga fadar sarki mai hasumiya, in ka zagaya bayanta sai ka ga katako ne da ƙarafa suka tokare ta, babu ɗaki ko ɗaya. Ga tashar jirgi da ba jirgin da ya taɓa zuwa. Ka fita daga titin Turai ka faɗa kasuwar ƙauye. Wani mutum sanye da rawanin zinariya da takobi yana zaune kan bokiti yana danna waya. Can gaba kuma, rana tana tsaka, sama babu gajimare ko ƙyalle, amma ruwan sama yana zuba kamar da bakin ƙwarya a kan itace guda ɗaya tak, wata yarinya tana juyi a ƙarƙashinsa.

Na ajiye tukunyar shayi na matsa. Na bi ruwan da ido zuwa sama, na ga bututu a rataye jikin ƙugiya. Na bi bututun ƙasa har na iske famfon da ke tura shi, na tsuguna ina sauraren kukansa. Ban san an tsaya a bayana ba sai da na ji murya da Turanci.

"Kowa yana kallon yarinya, kai kana kallon famfo."

Wata gajeriyar mata ce mai furfura, da hular kwano a ka da usur a wuya. Ta ce sunanta Lalita, ita ce shugabar injiniyoyin da ke yin ruwa da iska da wuta da hayaƙi a wurin. Ta tambaye ni abin da na karanta, na gaya mata. Na ce ban taɓa sanin akwai aikin injiniya a fim ba, na ɗauka 'yan wasa ne da mai kyamara kawai.

Ta yi murmushi ta nuna filin da hannu. "Fitilun can, wutar da suke ci ta ishi unguwa guda. Wa kake tsammani ya ja wayoyin? Barandar can da yarinya za ta tsaya anjima, wani ne ya yi lissafin nauyin da za ta ɗauka. Akwai masu sauti, akwai waɗanda ke zaune a ɗaki mai sanyi suna ƙera teku a kwamfuta. Ni gada na fara ginawa kafin in zo nan. Darakta yana yin mafarki ne kawai. Mu ne muke tabbatar da cewa mafarkin bai faɗo kan kowa ba."

Kwalejinmu tana tura ɗalibai horon aiki, na nemi a tura ni wajenta, ta sa hannu. A nan na koyi cewa kyamara ba ta ganin ruwan sama sai an haska shi ta baya, kuma ɗigon dole ya fi na gaskiya girma. Na koyi shimfiɗa wa kyamara layin dogo yadda za ta zame ba tare da ta girgiza ba. Na koyi juya fankar da ta fi ni tsawo har ta zama iskar hadari, in rage ta ta koma iskar da ke kaɗa gefen mayafi. Wata rana muka yi wata, babban fari, muka rataye shi a sama da igiyar ƙarfe. Ni na hau na ɗaure shi. Ina can sama rungume da wata, na tuna ina da jarrabawa washegari.

Da na gaya wa Yaya Lawal inda nake horo a waya, sai ya ce:

"Fim, Sagir? Shanuna suka tahi don ka koma cikin 'yan rawa?"

"Yaya, ba rawa nake ba. Inji ne, irin wanda nake gyarawa a Faskari, sai dai ya fi girma."

"To mi za ni ce ma mutane in sun tambaya?"

"Ka ce masu injiniya ne."

Ya ce Allah Ya kyauta, ya miƙa wa Inna wayar.

A shekarata ta biyu aka kawo wani babban aiki, labarin wata ƙasa ta zamanin da can wadda babu ita a duniya. Mai tsara fage yana son ƙauyen da ba zai yi kama da na kowane yanki na Indiya ba, an kawo mashi zane iri-iri duk ya ƙi. Muna shan shayi a rumfar Baba Yusufu na ja tsinke na zana mashi gidanmu a ƙasa. Ga zaure, ga danga, ga ɗakunan jinka, ga rumbu a kan duwatsu da 'yar hularsa, ga rijiya bakin hanya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce kada kowa ya taka wurin.

Haka muka gina shi. Ƙarfe ne a ciki, aka shafe shi da filasta mai launin jar ƙasa, ciyawar jinkar kuma aka jiƙa ta da maganin da ke hana ta kamawa da gaske. Ni na nuna masu inda turmi yake zama, da yadda ake jingina tsani a jikin rumbu. Tun farko na san labarin ya ce mahara za su ƙone ƙauyen, ni ne ma na shimfiɗa bututun gas a bayan kowane ɗaki da kan kowace jinka, na haɗa su da bawul-bawul na buɗe gas da rufewa a kan wani tebur can gefe. Amma ban ɗauki abin a zuciya ba. Aiki ne. Abin da na sani shi ne da rana in an tashi cin abinci nakan ɗauki kwanona in shiga zauren in zauna. Iska takan shigo ta ƙofar kamar yadda take shigowa a gida. Wani lokaci in lumshe ido, in ji kamar ana daka a cikin gida, kamar yanzu Inna za ta ƙwala mani kira in zo in kai wa Yaya fura gona.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki fagen wutar, da hantsi, ina cikin zauren nan ina duba wani bututu, Yaya Lawal ya kira. Muryarsa ta dushe.

"Sagir, ka yi haƙuri. Sun shigo mana."

Ban tambayi su wa ba. Duk ɗan yankinmu ya san su wa ake nufi.

"Inna fa?"

"Tana lahiya. Mun fita ta bayan gari, da ita da iyalina. Muna Ƙanƙara wajen Gwaggo. An rasa mutane, Sagir. Gari kau babu shi. Har rumbuna, da hatsin bana a ciki."

Bayan ya kashe wayar na ɗaga kai. Ga danga, ga rumbu, ga tsani a jingine, komai yana nan lafiya lau cikin hasken rana. Na rasa wanne ne na gaskiya. Na fita na dafa bangon ɗakin da na sa a gina daidai inda na Inna yake, na ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara irin ta abin da babu komai a cikinsa.

Baba Yusufu ne ya same ni a wurin. Ban san yadda na yi mashi bayani ba, na dai ce gida, na ce wuta. Ya zauna kusa da ni a ƙasa, ya yi salati, ya riƙe hannuna. Rumfarsa tana can babu kowa, mutane suna ta neman shayi, shi kuwa yana zaune har inuwa ta juya.

Injiniya Lalita ta kira ni ofishinta washegari. Ta cire hular kwanon ta ajiye, abin da ban taɓa gani ta yi ba a wurin aiki.

"Na ji abin da ya faru. Ba sai ka zo ranar ba. Zan sa wani a kan tebur, kuma ba zai rage maka komai a wajena ba."

Na ce ta ba ni lokaci. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Raina yana cewa in tattara in koma, amma in koma ina? In na tuna hannuna ne zai murɗa bawul ɗin sai in ji ba zan iya ba. Sai kuma in tuna mutanen da aka ɗauko haya su zama 'yan ƙauyen, tsofaffi da mata masu goyo, waɗanda za su yi gudu a tsakanin ɗakunan nan. Mun yi gwaji da su sau da yawa, na san wace tsohuwa ce ke ɗingishi, na san inda take rage gudu. Ni na shimfiɗa bututun. Na koma na ce wa Lalita zan tsaya.

Da la'asar sakaliya aka ɗauka, lokacin da rana ta yi ja. Motar kashe gobara tana gefe, kyamarori suna kan layinsu. Na tsaya gaban tebur, Lalita tana dama da ni da usur a baki. Darakta ya ba da umarni, dawaki suka shigo da gudu, ta dafa kafaɗata, na murɗa bawul na farko.

Zauren ne ya fara kamawa. Wutar ta tashi a hankali, ta yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na murɗa na biyu, danga ta ɗauka. Mutane suka fito suna kururuwa da harshen da ba na ji, amma kukan na gane shi. Hayaƙi ya rufe rana. Na ga wata tsohuwa ta fito daga ɗakin Inna da ƙullin kaya a ka, tana waige. Idona ya cika, na daina ganin fuskoki, sai inuwoyi masu gudu cikin jan haske. Ban sani ba ko a Haidarabad nake ko a bakin rijiyarmu. Hannuna dai yana aikinsa. Na jira mai ɗingishin ta wuce turmi, ta wuce tsani, sannan na buɗe wa rumbu. Ya kama tun daga gindi har hula.

Sai usur ya yi ƙara.

Na rufe bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wutar ta durƙusa, ta ja da baya, ta mutu. Ko minti ba a yi ba. Hayaƙin ya yaye, sai ga ƙauyen a tsaye, ya yi baƙi a wasu wurare, amma ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba. Waɗanda suka mutu a fagen suka tashi suna kaɗe ƙura. Tsohuwar da ta fito daga ɗakin Inna ta sauke ƙullinta tana dariya, ta nufi rumfar shayi. Aka ƙirga mutane, kowa yana nan, babu wanda ko gashinsa ya babbake. Ma'aikata suna tafi. Ni kuwa na zauna a ƙasa a gindin tebur ina kuka. Lalita ba ta ce na yi ƙoƙari ba. Ta dai tsaya a gabana ta kare ni daga idon mutane har na gama.

Tun daga ranar ta ɗauke ni aiki sosai, kuma da shi nake riƙe da su Inna a Ƙanƙara har yau. Amma ba wannan ne ya fi zama mani a rai ba.

Da aka fara kwashe kaya, aka ce gobe da safe za a rushe ƙauyen don ana son filin. Na shiga ciki ni kaɗai. Bangon yana da ɗumi kamar jikin mutum. Na yi sallar magariba a tsakar gidan, sannan na kira wayar Gwaggo ta bidiyo na ce a ba Inna. A can rana ba ta daɗe da yin tsaka ba. Tana zaune a kan tabarmar da ba tata ba, sanye da zanen da ba nata ba. Na juya mata kyamara. Na nuna mata zauren, da rijiyar, da rumbun, na zagaya da ita a hankali har ƙofar ɗakinta.

Ta matso da fuskarta jikin wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Ina ne nan, Sagir?"

"Wurin aikinmu ne, Inna. Ni na zana masu."

"Su wa ke zaune ciki?"

"Babu kowa."

"Gida kamar wannan, a ce babu kowa." Ta goge ido da bakin zane. "Mayar da ni wajen turmin in gani."

Na mayar da ita. Na ji Yaya Lawal a bayanta yana cewa a ba shi ya gani, ta ce ya dakata tukuna. Ban gaya mata gobe za a rushe ba.

Can ta ce, "Toka ta yi yawa a tsakar gidan nan. Kada ka tahi ka bar shi haka."

Na ce to, Inna.

Na je rumfar Baba Yusufu na ari tsintsiya. Ya dube ni, ya dubi ƙauyen, ya miƙo mani. Na fara daga ƙofar ɗakinta, na bi ta gindin rumbu, na share har bakin zaure.